Likita Biyu a Bakin Banɗaki

Masinja yana tsakiyar matakala, tsakanin hawa na uku da na huɗu, cikinsa ya yi masa magana. Ya tsaya cak, ya dafa bango, ya matse ambulan a hammata, yana sauraron ko maganar ta gaisuwa ce ko ta tashin hankali. Can sai cikin ya lafa. Ya ci gaba da hawa a hankali, kamar mai ɗauke da kwano cike da ruwa.

Shekara goma sha tara yana kai takardu ofis-ofis a wani kamfanin inshora, har sunansa na gaskiya ya ɓace a bakin mutane. Matarsa ma in ranta ya ɓaci Masinja take ce masa. Ya san halin takarda fiye da yadda ya san halin 'ya'yansa. Da ganin fuskar mai karɓa yake gane wadda za a sa wa hannu a tsaye, da wadda za a ce "ajiye nan" ta shekara a ƙarƙashin kofin shayi. Wata biyar ke nan ana ce masa "ajiye nan" a wannan asibiti, kuma wannan karon takardar tasa ce.

An haife shi jikinsa ba ya ƙera garkuwar da ke yaƙi da ƙwayoyin cuta. Gado ne ta wajen uwa, kodayake Inna har gobe tana rantsuwa cewa daga dangin babansa ne, alhali ƙanenta uwa ɗaya uba ɗaya, Kawu, yana can hawa na biyu ana ɗura masa irin ruwan da ake ɗura wa ɗanta. Duk wata tare suke zuwa, a jera su a kujeru biyu, a zuba musu ta jijiya garkuwar da aka tace daga jinin wasu bayin Allah. Da haka Masinja ya girma, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya mata uku. Sai bara hanjinsa ya kumbura ya yi gyambo, banɗaki ya zama ofishinsa na biyu. Sau goma sha biyu a rana, wani lokaci da jini. Ya ƙara huda biyu a bel ɗinsa, duk da haka wandon yana neman sauka.

Magani akwai. Abin da ya ɗaure wa Masinja kai tun farko shi ne maganin danne garkuwa yake yi, don ta daina cin hanjin mai ita. A hawa na biyu ana zuba masa garkuwa, a hawa na biyar ana so a danne ta. Likitan hanji da ke can sama ya ce ba zai taɓa mutumin da garkuwarsa ta aro ce ba sai likitar garkuwa ta sa hannu a fom. Likitar garkuwa ta ce ba za ta sa ba sai ya tabbatar mata babu wata ƙwayar cuta da ta ɓuya a hanjin. Asibitin yana da waya a kowane tebur, amma manya ba sa kiran juna, takarda suke aikawa, kuma sun yi dace da majinyacin da ya iya kai ta.

Yau ce rana ta ƙarshe. Gobe da tsakar rana likitan hanji zai tafi ƙaro ilimi na wata uku. Manaja kuwa ya riga ya kira Masinja ya gaya masa cikin mutunci cewa kamfani ba zai iya riƙe ɗan aiken da ake aika shi banki a tarar da shi a banɗakin gidan mai ba. Ya ba shi zuwa ƙarshen wata.

A hawa na biyar sakatariya tana gyara farce. Ta karɓi ambulan ba ta ɗago ba, ta shiga ciki, ta fito da wani ambulan.

"Ya ce a kai wa ta ƙasa."

"Hajiya, ko zan iya ganinsa? Minti biyu."

"Yana da mutum talatin a layi, kuma gobe zai yi tafiya."

"Saboda tafiyar nake so in gan shi."

"To ai saboda tafiyar ce ba zai ga kowa ba sai mai lamba." Ta ɗago ta dube shi. "Kai kuwa ba ka gajiya da hawa da sauka?"

"Sana'ata ce," in ji shi.

Kafin ya sauka ya leƙa banɗakin hawan, don ba ya barin wuri sai ya san inda zai gudu. An ɗaure ƙofar da igiya, an manna takarda: injin tura ruwa ya lalace. Na hawa na huɗu ma haka. Bai damu sosai ba. A ƙarshen barandar hawa na uku, bayan ɗakin ajiyar zannuwan gado, akwai banɗakin ma'aikata guda ɗaya tilo mai tankin kansa. Iya mai shara ta ba shi makullinsa tun ranar da ya gano mata takardar ƙarin girmanta da ta yi shekara biyu a ɓace a ofishin fayil.

A ɗakin ƙarin ruwa Kawu ya miƙe ƙafa a kujerarsa ta kusa da taga, kwalba tana ɗiga masa a hannu, yana koya wa wani sabon majinyaci yadda ake gane nas mai hannu mai sanyi. Shekara talatin yana zuwa wannan ɗaki. Ya ga likitoci shida sun zo sun tafi, kuma a ganinsa duk shi ya horar da su.

"Ɗan Yaya, me suka ce a sama?"

"Sun ba ni wata."

"Kawo in gani."

"Kawu, ba a buɗe takardar mutane."

"Hanjin wa ake magana a ciki? Ba naka ba?" Ya fizge ambulan da hannun da babu allura, ya yage bakinsa da haƙori, ya nisanta takardar daga idonsa. "Saurara. 'Na ga taki. Ina jiran matsayinki a fili.' Shi ke nan. Saboda wannan ka hau bene biyar?"

"Wadda na kai fa, ko me ta ce?"

"Ita ma na karanta lokacin da ka shiga banɗaki. 'Na ga taka. Ba ni da ja idan an cika sharuɗɗa.'" Kawu ya kaɗa kai. "Ni da kakarka ma da muka yi shekara ba ma magana mun fi haka fahimtar juna."

Sista ta zo duba kwalbar Kawu. Masinja ya miƙa mata takardar yana ɓoye bakin da aka yage, ya tambaya ko likita tana nan.

"Tana zagayen marasa lafiya, daga can ta wuce taro. Ajiye nan."

Ya dubi teburin. Akwai kofin shayi a kai. Ya san abin da zai biyo baya dalla-dalla: za a gan ta ranar Litinin, lokacin likitan hanji yana wata ƙasa, sannan a ce a jira ya dawo. Ya tuno ƙaramar 'yarsa da ta daina roƙonsa ya raka ta makaranta, domin sau biyu yana barin ta a bakin titi ya ruga. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko a ranar da aka zura masa kyamara a ciki. Bai ajiye takardar ba. Ya saka ta cikin koren fayil ɗinsa.

Wannan fayil shi ne abin alfaharinsa. Duk sakamakon gwajin da aka taɓa ba shi ya yi kwafinsa, ya huda, ya jera bi da bi, ya sa wa kowanne lamba da jan biro. A can gaba akwai fom ɗin da kansa, da akwatuna biyu na sa hannu, fari tas kamar ranar da aka ba shi.

Cikinsa ya sake magana, wannan karon ba gaisuwa ba ce.

"Kawu, ina zuwa."

"Allah ya kai ka lafiya," in ji Kawu, ya koma kan ɗalibinsa.

Ya hau hawa na uku da irin tafiyar da ya ƙware a kanta, sauri daga gwiwa zuwa ƙasa, sama kuwa ko motsi babu. Ya buɗe, ya shige, ya danna sakata. Sai da ya yi minti goma kafin duniya ta dawo daidai. Yana wanke hannu ke nan aka murɗa ƙofar, aka sa makulli, aka ji sakata, sannan aka ƙwanƙwasa.

"Akwai mutum?"

Masinja ya tsaya da sabulu a hannu. Ya san muryar. Sau uku kacal ya taɓa jin ta, amma ita ce ta ce masa "kwanta ta gefen hagu", kuma mutum ba ya manta irin wannan murya. Likitan hanji ne.

"Akwai," ya ce, ya ɗan shaƙe murya.

"Don Allah a hanzarta."

Ya ɗauraye hannu, ya ɗauki fayil, ya kai yatsa kan sakata. Sai ya ji takun takalmi mai tsini ya taho daga wajen matakala ya tsaya.

"A'a, likita. Kai ma nan ka gangaro?"

"Wallahi. Sama duk babu ruwa. An ce nan ne kaɗai."

"Ƙasa ma haka. Yaya aiki? An ce za ka yi tafiya."

Likitar garkuwa ce. Masinja ya janye yatsansa daga sakata a hankali. Wata biyar yana neman ranar da za su tsaya a wuri ɗaya, ga su nan taku biyu daga hancinsa, suna gaisawa kamar ba su taɓa aika wa juna ko layi ɗaya ba. A rayuwarsa bai taɓa tsare babba a hanya ba. Amma ya san abu ɗaya daga aikinsa: wanda ke tsaye yana sauri shi ke sa hannu. Ya shafa wa idonsa toka, ya durƙusa, ya zaro fom ɗin ya tura ta ƙarƙashin ƙofa, ya bi shi da biro.



"Mene ne wannan?" in ji likitan hanji.

"Ranka ya daɗe, ranki ya daɗe, ina wuni. Ni ne mai hanjin nan da kuke ta rubuta wa juna takarda a kansa."

"Wa ya ba ka makullin nan?"

"Ranka ya daɗe, ba na so in sa kowa a matsala."

"To fito, mu yi magana a ofis."

"Ku gafarce ni. In na fito, ofis zai ce in ajiye."

"Malam, wannan ba wurin duba mara lafiya ba ne."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Amma ni nan na fi zama."

Likitar garkuwa ta yi wani sauti da ya yi kama da tari. Masinja ya ji ta sunkuya ta ɗauki fom ɗin. A daidai lokacin ƙarar taya ta taho daga liftar da aka ware wa masu gado da ƙarin ruwa, ƙiiƙii-ƙiiƙii, har ta iso. Kawu ne, yana tura sandar ƙarin ruwansa, ya ga ɗan Yaya ya daɗe ya biyo sawu.

"Sannunku da aiki," in ji Kawu. "Likita, ga likita. Likita, ga likita. Ko kun san juna?"

"Baba, tare muka yi makaranta," in ji ta.

"Ikon Allah. Ajinku babu mai magana ke nan."

Likitan hanji ya sake buga ƙofar da tafin hannu. Ta ƙarƙashin ƙofa Masinja yana ganin baƙin takalminsa mai sheƙi, yana ɗaga na dama ya ajiye, ya ɗaga na hagu. Ya san wannan rawa sarai, shi ma kullum yana taka ta, har ya ji tausayin mutumin. Sai dai tausayin bai kai ga sakata ba.

"Tunda muna tsaye," in ji likitar garkuwa, "ni fa ba ƙi na yi ba. Allurar da kuke bayarwa tana danne jiki gaba ɗaya. Shekara huɗu da suka wuce na sa hannu wa wata mai irin ciwonsa, wata biyu ba ta yi ba cutar huhu ta tafi da ita. Ba zan sake sa hannu ido rufe ba."

"Wa ya ce ita zan ba shi? Akwai wadda aikinta a hanji yake tsayawa. Ita nake nufi."

"Ba ka rubuta ba."

"Na ɗauka kin sani."

"Ta yaya zan sani?"

"Da kin tambaya."

"Na tambaya. Na ce a cika sharuɗɗa."

"Waɗanne sharuɗɗan? Ba ki lissafa ba."

"Ku ci gaba, kuna hanya," in ji Kawu. Ya jingina da bango ya gyara tsayuwar sandarsa.

Likitar garkuwa ta ce tana son gwajin bayan gida sau uku a jere, wanda ya nuna babu tsutsa ko ƙwayar cuta. Kafin ta rufe baki takardu uku sun leƙo ta ƙarƙashin ƙofa.

"Lamba bakwai, tara da sha biyu, ranki ya daɗe."

"Gwajin tarin fuka fa?"

"Sha huɗu. Hoton ƙirji yana bayanta."

"Naman da aka gutsuro a hanji?"

"Sha biyar. Shafi biyu ne, a kula da ƙusar."

Likitan hanji ya ce duk waɗannan suna cikin fayil ɗinsa na sama tun wata uku. Ta ce a nata fayil na ƙasa babu ko ɗaya. Kawu ya ce shi ya sa tun zamanin likita na biyu yake ba da shawara a mayar da asibitin ƙasa ɗaya.

"Ba ni awon garkuwarka na watannin nan," in ji ta, muryarta ta sauya.

Ya tura guda biyar. Ya ji tana juya su ɗaya bayan ɗaya, ta koma ta farko, ta sake bi.

"Likita, duba nan. Kullum muna zuba masa adadi ɗaya, amma kowane wata awon ƙasa yake yi. Ta gyambon take zurarewa. Ina ta tsoron allura za ta rage masa garkuwa, ashe jiran da muke sa shi ne ke cinye ta."

Masinja ya zauna a kan murfin masai, fayil a cinya. Bai san abin ya kai haka ba. Ya ɗauka aikinsa kaɗai ke zurarewa.

Daga nan magana ta yi sauri, musamman ta ɓangaren likitan hanji, wanda yanzu jimlolinsa ba sa wuce kalma huɗu. Za ta ƙara masa yawan garkuwar, ta mayar da ita duk mako uku. Shi zai ba da allurar da ke tsayawa a hanji. Za a riƙa duba jininsa duk mako biyu, in ya yi zazzaɓi ko na yini ɗaya ne ya zo kai tsaye ba tare da lamba ba. Ta rubuta lambar wayarta a bayan fom ta ce mataimakinsa ya kira ta, kira na baki, ba takarda ba. Masinja ya duba agogo. Minti shida.

Aka dafa fom a jikin ƙofar, ya ji biro yana tafiya a kan katako daidai saitin kunnensa, sau ɗaya a natse, sau ɗaya kamar an ja layi da gudu. Fom ya dawo ta ƙasa. Ya ɗauka ya duba da idon sana'a: hannu biyu, kwanan wata ɗaya.

"Ranka ya daɗe, ba ka sa kwanan wata ba."

"Malam."

"Kantin magani za su dawo da shi."

Fom ya sake fita, ya sake dawowa.

"Yaushe za a fara?"

"Mataimakina zai ba ka rana. Mako biyu, ko uku, in an samu gado. Buɗe."

Mako uku ya wuce ƙarshen wata. Masinja ya buɗe baki zai faɗa, sai ya dubi takalman nan da suka daina rawa suka harɗe da juna, ya ga abin ya isa haka. Abin da aka aiko shi ya karɓa ya karɓa. Ya zare sakata.

Likitan hanji ya wuce shi kamar iska, gumi ya jiƙa masa kwalar riga, ƙofa ta rufe. Likitar garkuwa ta tsaya tana kallon Masinja tun daga wuya har ƙugu. Rabonta da ganinsa tun kafin ciwon ya yi tsanani, don ranar ƙarin ruwa Sista ce ke kula da su.

"Haka ka rame?"

"Wandon ne ya yi girma, ranki ya daɗe."

Ba ta yi dariya ba. Ta tattara masa takardunsa, ta jera su bisa lamba kafin ta miƙa masa. Kawu ya duba kwalbarsa ya ga ta kusa ƙarewa, ya ce su tafi kafin Sista ta sa a yi cigiyarsa. Sun juya ke nan murya ta fito daga bayan ƙofa, a hankali, ba irin ta ɗazu ba.

"Malam, kana nan?"

"Ina nan, ranka ya daɗe."

"Sau nawa ka ce a rana?"

"Sha biyu. Yana cikin fayil."

"Na san yana ciki, ni na rubuta. Kowanne haka yake zuwa maka? Kamar yadda na tsaya ɗin nan?"

"Wani ya fi haka. Kai ai ka samu ƙofa a gabanka."

Ruwa bai zuba ba, ba a motsa ba. Kawu ya buɗe baki, likitar garkuwa ta ɗaga masa hannu, ya rufe.

"Akwai kwalba ɗaya ta allurar a firjin sashenmu," in ji likitan hanji. "Ka zo gobe ƙarfe bakwai. Ni zan sa maka da hannuna kafin in wuce filin jirgi."